Mashayin Jini A Cikin Wayar Hannu: Abubuwan Ban Mamaki Daga Landan Zuwa Zuru

Kowace shekara, ranar 3 ga watan Mayu, dubban mutane a faɗin duniya sukan buɗe imel su tarar da saƙon wani matashin lauya mai suna Jonathan Harker. Yana ba su labarin ya isa wani gari a yankin Taransilbaniya, jirgin ƙasa ya yi masa latti, kuma ya ci wata dafaffiyar kaza mai jan barkono da ta bar shi da ƙishirwa. Lauyan nan ba a taɓa haihuwarsa ba. Ɗan cikin littafi ne, littafin Dirakula wanda Bram Stoker, mutumin ƙasar Ailan, ya fitar a Landan a 1897. Labari ne na wani basarake da ya mutu amma bai kwanta ba, makwancinsa akwatin gawa, abincinsa jinin mutane.

Mai aiko saƙon wani Ba'amurke ne mai tsara shafukan intanet, Matt Kirkland. Littafin gaba ɗayansa wasiƙu ne da kundin bayanin rana da yankakkun labaran jarida, kowanne da kwanan watansa, daga 3 ga Mayu zuwa farkon Nuwamba. Sai ya ce me zai hana a aika wa mutane abin da ya faru a kowace rana, a ranar da ya faru? Ya raɗa wa abin suna Dracula Daily, ya fara a 2021 da masu karɓa da ba su kai 2,000 ba. A 2022 matasan dandalin Tumblr suka gano shi, kafin ka ce kwabo masu karɓa sun haura 200,000. Bai taɓa labarin ba, jira kawai ya ƙara masa. Ranar da babu abin da ya faru a littafin, babu saƙo. Daga ƙarshen Yuni aka daina jin ɗuriyar Harker yana kulle a gidan Dirakula, sai wajen tsakiyar Agusta wasiƙa ta fito daga wani asibiti a Budafes cewa yana raye. Mako shida ke nan masu karatu suna zullumi a kan mutumin da aka rubuta makomarsa tun zamanin kakannin kakanninsu.

A lissafin manomin ƙasar Zuru, wanda ya fara wannan karatu ana jiran ruwan shuka ba zai ga ƙarshen Dirakula ba sai dawa ta nuna. Damina guda cur.

A 2023 wasu suka mai da shi shirin sauti na intanet mai suna Re: Dracula, 'yan wasa suna karanta kowace wasiƙa da murya, ita ma a ranarta.

Masu ganin fasahar zamani ce ta kutsa cikin tsohon labari ba su karanta shi ba. Littafin na'urori ne tun ranar da ya fito. Dakta Seward, likitan masu taɓin hankali a labarin, ba da alƙalami yake ajiye bayaninsa ba. Magana yake yi a cikin na'urar ɗaukar murya, kakar garmaho, allura tana zana muryarsa a jikin wani ƙoƙon kaki. Harker ya ɗauki hoton gidan da Dirakula zai saya a Ingila da kyamarar Kodak, kuma yana rubuta kundinsa da gajeren rubutun sakatarori don kada mai masaukinsa ya gane. Matarsa Mina ta haddace lokutan tashin jiragen ƙasa. Ita ce ta tattara wasiƙu da muryoyi da yankakkun jaridu, ta jera su bisa kwanan wata, ta buga da tafireta kofi uku-uku. Da aka jera ne aka gane inda maƙiyin yake sa ƙafa. A ganina Mina da tafiretarta ne suka kayar da Dirakula, mazan ƙarasawa kawai suka yi.

Shi ma Dirakula ya gane haka. Da ya samu shiga gidan Seward, bai bar takardun ba, ya ƙona su, ya watsa ƙoƙunan kakin a wuta. Abin da ya ceci mutanen shi ne akwai wani kofi a kulle cikin akwatin ƙarfe. Duk marubucin da wayarsa ta taɓa faɗawa ruwa da rabin littafi a ciki ya san darajar wannan kofi.

Matsalar rashin isar saƙo ma tana ciki. Farfesa Van Helsing ya buga wa Seward wayar tangarahu daga Antwaf cewa lallai ya kwana yana tsaron Lucy, budurwar da ake shan jininta. Bai rubuta sunan gunduma ba, sai aka kai saƙon wani wuri mai suna iri ɗaya, ya iso a makare da awa 22. A daren ne Dirakula ya same ta ba mai tsaro.

Sau huɗu aka yi wa Lucy ƙarin jini, daga maza huɗu daban-daban, ba gwaji ba komai. Stoker bai san da rukunin jini ba, domin sai a 1901 Karl Landsteiner ya bayyana shi a Biyana. Yau ko a ƙaramin asibiti ba a ɗaura wa mutum jini sai an duba rukuninsa.

Abu biyu da kowa ke ɗauka suna cikin littafin, alhali babu su: rana ba ta ƙona Dirakula, yana yawo a titin Landan da rana tsaka, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Kuma ba da tsinin itace aka kashe shi ba, da wuƙaƙe biyu ne.

Asalin irin waɗannan littattafai a Turanci kuwa dutse mai aman wuta ne. A 1815 dutsen Tambora ya fashe a Indunusiya, toka ta rufe sararin sama, shekarar 1816 ta zo wa Turai da sanyi da ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ruwan ya tsare mawaƙi Lord Byron da baƙinsa a wani gida a bakin tafkin Janiba, suka yi gasar labarin ban tsoro don kashe lokaci. Daga zaman nan Mary Shelley ta fito da Frankenstein, likitan Byron kuma, John Polidori, saurayi ɗan shekara 20, ya fito da The Vampyre. Da wata mujalla ta buga shi a 1819 sai ta liƙa masa sunan Byron, saboda sunan ya fi sayuwa. Polidori ya rasu a 1821 yana da shekara 25.

Daga 1845 zuwa 1847 talakawan Landan sun yi ta sayen Varney the Vampire ƙyalle-ƙyalle, kowane mako 'yan shafuka a kan kwabo ɗaya. Da aka haɗa shi ya haura babi 200, domin muddin ana saye marubuci ba zai bar labari ya ƙare ba. Duk wanda ya taɓa shiga zauren karatun littafi a WhatsApp ya san wannan kasuwa. Marubuciya za ta saki feji goma ko ashirin kyauta, ta kai labari daidai inda amarya ta ji ana ƙwanƙwasa taga cikin dare, sai ta tsaya cak. A ƙasan fejin ga sanarwa: daga nan littafin kuɗi ne, mai so ta tura ta asusun banki ko katin waya, ta aiko da shaidar biya, a sa ta a rukunin waɗanda suka biya. Masu karatu su yi ta roƙon a ƙara feji, wasu na zagin mugun cikin labarin kamar yana jin su, wasu na ba marubuciya shawarar wanda jaruma za ta aura. Wasu littattafan suna Wattpad, wasu suna manhajar ArewaBooks, wasu kuma ana karanta su da murya a YouTube, uwargida na tuƙa tuwo tana saurare. Ƙarshen kowane feji kuma ga gargaɗi: duk wadda ta fitar min da littafi waje, ban yafe ba.

Wannan "ban yafe ba" ita ce ta kai Florence, matar da Stoker ya mutu ya bari, gaban kotu. A 1922 wani kamfanin Jamus, Prana Film, ya yi fim ɗin Nosferatu daga littafin mijinta ba izini, aka canza sunaye, Dirakula ya koma Orlok. Ta yi ƙara, ta yi nasara, a 1925 kotu ta ce a lalata duk kofin fim ɗin. Kamfanin ya karye. Amma wasu kofi sun riga sun tsallaka ƙasashe. Yau fim ɗin yana YouTube kyauta, kuma a 2024 Robert Eggers ya sake yin sa da kayan aikin zamani. Daga fim ɗin nan na sata aka samo maganar cewa hasken rana yana hallaka mashayin jini. Florence haƙƙinta ta nema, kuma ta yi daidai. Marubutanmu da ake kwashe wa littafi a watsa a rukunoni suna cikin irin halin da ta shiga, sai dai mafi yawansu ba su da lauya.

A ƙasar Aisilan an shafe fiye da shekara ɗari ana ɗauka Makt Myrkranna, wanda ɗan jarida Valdimar Ásmundsson ya fara bugawa a 1900, fassarar Dirakula ce. Sai a 2014 wani mai bincike ɗan Holan, Hans de Roos, ya lura ai wani labari ne daban, da sababbin mutane, da Dirakula mai shirin kifar da gwamnatoci. Daga baya aka gano shi ma daga wata sigar Suwidin ta 1899 aka ɗauko shi.

Turkawa sun fi kowa ƙarfin hali. A 1928 Ali Rıza Seyfi ya sake rubuta labarin da sunan Kazıklı Voyvoda, ya ɗauke shi daga Landan ya kai Istanbul, ya haɗa shi da Vlad, basaraken Walakiya da ya yaƙi Sarkin Turkawa Muhammad na Biyu a 1462, wanda ya yi suna wajen tsire mutane a kan itace. Aka cire gicciye, aka sa Alƙur'ani da tafarnuwa a hannun jarumai. An yi fim ɗinsa a 1953. Lahor ta Pakistan ma ta yi nata da Urdu a 1967, Zinda Laash. Marubucin da zai kawo irin wannan labari ƙasar Zuru, inda ake samun Musulmi da Kirista a gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, yana da abin da Bature da Baturke ba su samu ba. Wa ya riƙe Alƙur'ani, ƙane ya riƙe Littafi Mai Tsarki, su tunkari abin da ke damun gidansu tare.

Sanya wa baƙon labari rigar gida kuwa ba sabon abu ba ne a wurinmu. Abubakar Imam ya ɗebo daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan Grimm ya zuba a Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, har yaro ya rantse a ƙauyensu abin ya faru. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, asalinsa jarumin Rasha ne, Iliya Muromets. Ibrahim Yaro Yahaya ya mai da wasan Shakespeare Daren Sha Biyu. A zamaninmu masu fassarar finafinai irin su Algaita a Kano sun sa jaruman Indiya suna habaici da karin magana, matasa kuma suna zuwa shagon caji a tura musu a katin waya.

Carmilla, na Sheridan Le Fanu, shi ma ɗan Ailan, ya girmi Dirakula da shekara 25, ya fito a 1872, kuma mashayiyar jinin cikinsa mace ce. A 2014 wasu 'yan Kanada suka mai da shi shiri a YouTube. Ɗaliba ce a ɗakin kwanan jami'a tana magana da kyamarar kwamfutarta, abokiyar ɗakinta ta ɓace, an kawo mata wata sabuwa mai barci da rana. Kyamara ɗaya, ɗaki ɗaya, kowane kashi 'yan mintoci. Kamfanin audugar mata, Kotex, ne ya ɗauki nauyi. Shirin ya yi zango uku, har ya haifi fim a 2017. Masu cewa rashin kuɗi ne ya hana su yin fim su duba wannan.

A shirin da BBC da Netflix suka yi a 2020, Dirakula ya kwana shekara 123 a ƙarƙashin teku, ya farka ya koyi latsa waya, da saƙon waya yake hira da Lucy. Allon tallar shirin ma abin kallo ne. Da rana fari ne an caccaka masa tsinannun itatuwa barkatai. Rana na faɗuwa fitila ta kama daga gefe, inuwar itatuwan ta haɗu ta zama fuskar Dirakula baki buɗe.

A birnin Sidni na Ostareliya, a 2024, darakta Kip Williams ya sa mace ɗaya, Zahra Newman, ta fito a matsayin mutum 23 na cikin littafin. Tana wasa a dandali, masu kyamara na zagaye ta, ana haɗa hotonta na nan take da waɗanda aka riga aka ɗauka a kan babban allo, sai ka ga tana gardama da kanta. A 2025 aka sanar cewa Cynthia Erivo, haifaffiyar Landan wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, ita za ta yi shi a Landan a 2026.

Japan ta shigar da Dirakula wasan bidiyo tun 1986, da Castlevania na kamfanin Konami, inda jarumi ke bin Dirakula da bulala. Netflix ta mai da wasan zanen katun a 2017.

Takardun ainihi da Stoker ya miƙa wa maɗaba'a, fiye da shafi 500, sun ɓace shekaru da dama. A farkon shekarun 1980 aka tsince su a wani sito a Fensilbaniya ta Amurka. Wanda ya saye su daga baya shi ne Paul Allen, abokin Bill Gates wajen kafa Microsoft. Littafin kansa yana rumbun Project Gutenberg tun 1995, lamba ta 345, kowa na iya saukewa kyauta domin haƙƙin mallakarsa ya ƙare. A 2024 kuma aka bayyana wani gajeren labarin Stoker da aka manta da shi, Gibbet Hill, wanda wata jaridar Dublin ta buga a 1890. Wani mai sha'awar karatu ne ya ci karo da shi yana laluben tsofaffin jaridu a Ɗakin Karatu na Ƙasa na Ailan.

Stoker bai taɓa taka Taransilbaniya ba. Sunan Dirakula ma a wani littafin ɗakin karatu ya tsince shi a garin Whitby na Ingila a 1890. Kafin nan Wampyr ya sa wa basaraken. Shi kuwa Vlad na gaskiya, a 2023 masana daga Jami'ar Kataniya ta Italiya suka ɗebo sinadaran jiki daga wasiƙu uku da ya rubuta a 1457 da 1475, ba tare da sun lalata takardun ba, suka ce mai yiwuwa yana da cutar da ke sa hawaye ya fito gauraye da jini.

Fadar Bran ta Romaniya, wadda ake tallatawa da sunan gidan Dirakula ko da yake alaƙarta da Vlad ba ta taka kara ta karya ba, ta zama wurin allurar riga-kafin korona a 2021. A Whitby kuwa, ranar 26 ga Mayu 2022, mutum 1,369 suka taru da shigar mashaya jini don cikar littafin shekara 125, suka shiga kundin Guinness.

Jemage a wanke shi. Iri uku ne kacal na jemagu ke shan jini a duniya, dukkansu a nahiyar Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Manyan da ke rataye a itatuwanmu 'ya'yan itace suke ci, suna kuma yaɗa iri a daji.

To mu fa? Abin da ya fi kusa da mashayin jini a wurinmu shi ne maye, amma akwai bambanci babba. Na Turawa matacce ne da ya tashi daga kabari. Namu rayayye ne, maƙwabci ne, wani lokaci kaka ce ko kishiya. Ba haƙori yake sa wa a wuya ba, kurwa aka ce yana kamawa. Ana cewa ƙanƙara ce a cikinsa, ko ya gada ko ya saya. Yaro zai kwanta da zazzaɓi mai zafi, ya fara sambatu, ya ambaci sunan wata tsohuwa da ta ba shi gyaɗa jiya. Kafin la'asar an taru a ƙofar gidanta, ana cewa ta fito ta tsallaka shi ta saki kurwarsa. In ta ƙi, an ce ta tabbata. In ta tsallaka yaron ya samu sauƙi, an ce ta tabbata. Shi ya sa har yau in aka ƙura wa mutum ido zai ce "kurwata kur." Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai yana sa sambatu, haka sanƙarau, kuma lokacin da ake ɓatawa a ƙofar gidan tsohuwa shi ne lokacin da ya kamata a ce yaron yana asibiti.

Mai shan jini na ainihi a al'adarmu aljana ce. Masu bori suna kiranta Inna ko Doguwa, kuma ita aka ɗora wa laifin shanyewar ƙafar yara, shi ya sa cutar foliyo ta zama shan inna. Ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa asalin ƙwayar cutar ta kau daga Afirka. Ɗigon riga-kafi ne ya kore ta, kuma har yanzu ana bi gida-gida ana ɗigawa saboda ragowar wani nau'inta. A Dogon Dutsi ta Nijar, maƙwabciyar Arewar Kabi, mai bincike Adeline Masquelier ta yi rubutu a 2008 a kan labaran maita da aljanu masu shan jini da suka yaɗu a garin. Mutanen Ewe na Gana da Togo kuma suna da adze, wanda suka ce yana rikiɗa ya zama ƙwaron nan mai walƙiya da dare, ya shiga ɗaki ta kafar ƙofa.

Kowace sabuwar na'ura sai ta zo da nata mashayin jinin. A zamanin mulkin mallaka, a Kenya da Tanganyika da Yuganda, mutane sun yi imani 'yan kwana-kwana suna kama mutane da jar motarsu su zuƙe musu jini. Luise White ta rubuta littafi guda a kan wannan a 2000. A Nijeriya, a 2004, shekara uku da shigowar wayar salula, jita-jita ta karaɗe ƙasa cewa akwai lambobin da in ka amsa kiransu ka mutu, har kamfanin waya ya fito yana ƙaryatawa. A 2011 ta dawo, sai da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi sanarwa cewa kiran waya ba ya kisa.

Wani lokaci abin ba ya tsayawa a tsoro. A Malawi, a 2017, jita-jitar masu shan jini ta sa gungun mutane suka kashe aƙalla mutum tara, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta janye ma'aikatanta daga gundumomin Mulanje da Phalombe. Turawa ma sun bi ta nan. A 1892, a jihar Rhode Island ta Amurka, tarin fuka ya yi ta ɗaukar 'yan gida ɗaya. Mutanen gari suka tono gawar budurwar gidan, Mercy Brown, suka ƙona zuciyarta, suka jiƙa tokar suka ba ɗan'uwanta Edwin ya sha. Bayan wata biyu ya mutu. Shekara goma ke nan da Robert Koch ya gano ƙwayar cutar tarin fuka. Tun kafin nan, a 1755, da tonon kaburbura ya yi yawa a ƙasashen Ostiriya, Sarauniya Mariya Tereza ta sa likitanta Gerard van Swieten ya bincika. Ya ce jahilci ne da tsoro, ta kafa dokar hanawa. Bayan da abin ya bar maƙabarta ne ya koma littafi, kuma Dirakula na takarda bai taɓa kashe kowa ba.

Mutane da yawa ba su san cewa a Nijeriya kiran mutum maye laifi ne ba. Sashe na 210 na dokar laifuka ta Kudu ya tanadi ɗaurin shekara biyu ga wanda ya zargi wani da maita ko ya yi barazanar zarginsa, kuma dokar Penal Code ta Arewa tana da irin wannan tanadi. Saƙon murya da bidiyon da ake turawa rukuni-rukuni, an sa tsohuwa a tsakiya ana yi mata tambayoyi tana kuka, suna cikin abin da dokar ta hana.

Ƙasar Zuru kuwa tana da nata zaman da matattu, wanda ya sha bamban da na mutanen Stoker. Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, sun shahara da sassaƙen yumɓu da mata magina tukwane ke yi a ɗora a kan kaburburan manya, sarakuna da mafarauta da gwanayen kokawa, da siffar mutum ko dabba. Wasu daga cikin kayan nan suna gidajen tarihi na Turai da Amurka. Al'ummar da ke ƙawata kabari haka girmama mamaci take yi, ba ta ɗauke shi abin da za a danne da dutse don kada ya fito ba. Ga kurmin Girmache da kadojinsa, ga bikin Uhola bayan kaka, ga tatsuniyoyin dare da C'lela da Fakkanci da Dukanci da Hausa, daga Dabai zuwa Mahuta, daga Ribah zuwa Dirin Daji. Stoker da littafin ɗakin karatu ya gina ƙasar da bai taɓa gani ba. Matashin Zuru yana da ƙasar a ƙarƙashin ƙafarsa, ga kakarsa a tsakar gida, ga waya mai ɗaukar murya a aljihu.

Kira na ga ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, da marubutan onlayin na masarautar, da masu ɗaukar bidiyo a waya. Ku zauna da tsofaffi ku naɗi labaran dodo da fatalwa da aljanu da harshen da suka faɗe su, ku nemi izininsu, ku ajiye kofi fiye da ɗaya. Ku rubuta, ku karanta da murya, ku saki feji-feji in kuna so, ku tsorata mu iya ƙarfinku. Amma ƙauyen cikin labarin ku ƙirƙiro masa suna, mayyar ciki ma ku ƙirƙiro ta, kada ta yi kama da wata tsohuwa da ake iya nunawa da yatsa a kasuwar Zuru.